Ganye Mai Huda: A Kan Zanen Garkar Maria Sibylla Merian

Duk wanda ya taɓa yin ban-ruwa a garka ya san ganye lafiyayye ƙalau abu ne mai wuyar samu. Ku duba zogalen Gulbin Maraɗi, ku duba kabeji da salatin da ake nomawa a bakin kogin Isa a Yamai. In kun juya ganye goma, da ƙyar ku samu uku da wani abu bai lasa ba. Wani tsutsa ta huda, wani fara ta gutsure gefensa, wani kuma ƙwai ne jere a bayansa kamar an yi masa ɗinki. Amma ku buɗe littafin kimiyyar da muka yi karatu da shi a lakkwal, ko ku kalli kalandar da ke rataye a shagon tela, za ku ga ganyayen can ba tabo ko ɗaya. Mai zane ya wanke su tas kafin ya ba mu.

Matar da nake son mu yi magana a kanta ta ƙi wanke ganyenta. Sunanta Maria Sibylla Merian, Bajamushiya ce, an haife ta a Frankfurt a 1647, ta rasu a Amsterdam a 1717. Littafinta da ya fi suna shi ne wanda ta fitar a 1705 a kan ƙwarin ƙasar Surinam da ke Kudancin Amurka, mai suna Metamorphosis insectorum Surinamensium, wato rikiɗar ƙwarin Surinam. Hotuna 60 ne a ciki, kowanne da bayaninsa a shafin da ke fuskantarsa. Ni a waya na kalle su ɗaya bayan ɗaya, tun da manyan ɗakunan karatu na Turai sun sa su a intanet kyauta. Na sani kallon waya ragi ne, don shafin littafin na ainihi ya kai kusan rabin mita a tsaye, kuma ƙwarin da girmansu na gaske ta zana su. Duk da haka abin da na gani ya isa a yi gardama a kai.

Sai na fara bayyana yadda ake yin irin wannan hoto, don in ba a gane aikin ba, ba za a gane inda nake yabo da inda nake suka ba. Kun san masu sassaƙa tampon a bakin kasuwa. Mai tampon yana kankare duk inda ba ya so ya fito, ya bar rubutun a tudu, tawada ta hau tudun. To, aikin allon jan ƙarfe akasin haka ne. Ana tsaga layi a jikin allon, a cusa tawada cikin tsagar, a goge saman allon fes, sai tawadar ta rage a cikin kwari kawai. Ya fi kama da aikin mai zanen ƙwarya, ko na wanzami da ke tsaga ya shafa baƙi. Daga nan a ɗora takarda mai ɗan danshi, a bi da su ta tsakanin manyan gungume biyu masu matsewa, takardar ta shiga tsagar ta tsotso tawadar. Hanyar tsagar iri biyu ce. Ko dai a bi allon da ɗan ƙarfe mai kaifin baki ana turawa da ƙarfin hannu, ko kuma a shafe allon da kaki, a yi zane a kan kakin da allura, sannan a tsoma shi cikin asid. Asid ɗin ba ya cin kaki, inda allura ta buɗe kawai yake ci. Wannan ta biyun ita Faransawa ke kira eau-forte, ruwa mai ƙarfi kenan. In an daɗe a cikin ruwan layi ya yi zurfi ya yi baƙi, in an cire da wuri ya fito siriri. Kuma duk abin da ke dama a allo hagu zai koma a takarda, kamar madubi. A littafin Merian an haɗa hanyoyin biyu.

Amfanin wahalar nan shi ne yawa. Zanen hannu guda ɗaya ne, mai kuɗi ya saye ya kulle a ɗaki. Allo kuwa zai haifi ɗaruruwa. Mu da muke tara dala-dala mu kai rubutunmu wurin mai fotokopi ai mun san daɗin wannan.

Merian a cikin sana'ar ta buɗe ido. Mahaifinta, Matthäus Merian, shahararren mai sassaƙa allo ne kuma mai buga littattafai, ya rasu tana da shekara uku. Mijin da uwarta ta sake aura, Jacob Marrel, mai zanen furanni ne, shi ya koya mata. Tana ƴar shekara 13 ta fara kiwon tsutsar siliki tana kallon yadda take naɗe kanta ta fito da fiffike. (Mu ma fa muna da tamu. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi daga gidan wata tsutsa ake samun sa, amma nawa ne cikinmu suka taɓa tambayar kamannin tsutsar?) Littafinta na farko, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1675 da 1680, na furanni ne zalla, kuma an yi shi ne don mata su riƙa kwaikwayo a ɗinki da zane. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Bayan shi ta fitar da littafin tsutsotsin Turai, kashi na farko a 1679, na biyu a 1683, kowanne da hoto 50.

A zamaninta mutane da yawa sun ɗauka tsutsa daga ruɓa take fitowa haka kawai, daga laka ko daga nama. Mu ma ai muna cewa tsutsar nama ita ma nama ce. A 1668 ne wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya rufe nama a tulu ya nuna in ƙuda bai sauka ba tsutsa ba ta fitowa. Saboda haka kar wani ya ce muku Merian ce ta fara gano rikiɗar ƙwari, akwai waɗanda suka riga ta, akwai kuma waɗanda suka fi ta shiga cikin jikin ƙwaron da madubin ƙara girma. Abin da ta kawo sabo a wurin ajiye abu yake. Sauran masana sukan jera ƙwari a shafi sahu-sahu kamar kayan tireda, wannan kusa da wancan don sun yi kama. Ita kuwa sai ta ɗora kowace tsutsa a kan ganyen da take ci, ta sa ƙwan a wurin, ta sa kwanciyar a wurin, ta sa malam-buɗe-littafin da zai fito yana shawagi a sama, ta bar hudar da tsutsar ta yi a ganyen.

Don a ga girman wannan huda, a kwatanta da wani littafin garka da ya riga nata da kusan shekara ɗari. A 1613 aka buga Hortus Eystettensis, hotuna 367 na shuke-shuken garkar wani babban limamin kirista kuma sarkin garin Eichstätt a Jamus. Aiki ne mai ban mamaki, ba na musu. Amma kowane fure a ciki tsaye yake kamar dogari ranar hawan salla, an fito da shi don a san mai garka ya isa. Littafin dukiya ne, lissafin abin da mutum ɗaya ya mallaka. Mai garkar ma bai ga fitowarsa ba, ya rasu a 1612, garkar kuma yaƙi ya lalata ta bayan shekara ashirin da ƴan kai. A wurin Merian shuka abinci ce. Wani na cin ta, wani kuma na jiran ya ci mai cin ta. Har ƙananan rinar nan da ke saka ƙwai a jikin tsutsa ta zana: ka yi kiwon tsutsa kana jiran malam-buɗe-littafi, sai ka ga wasu ƴan baƙaƙen ƙwari sun fasa ta sun fito. Wanda ya san aikin da masu binciken noma ke yi a nan Maraɗi, inda ake sakin irin waɗannan ƙananan rina a gonakin hatsi don su kashe murzunar da ke cin zangarniya, zai gane cewa matar nan ba ado kawai take yi ba.

A 1699, tana da shekara 52, ta sayar da zane-zanenta, ta rubuta wasiyya, ta hau jirgin ruwa da ƙaramar ƴarta Dorothea zuwa Surinam. Ba sarki ya aike ta ba, ba kamfani. Ta yi kusan shekara biyu, ciwo ya koro ta a 1701. Shekara huɗu bayan haka littafin ya fito da Latin da kuma harshen Holan.

Hoton farko ma ya isa ya gaya maka da wa kake magana. Abarba ce, wadda a Turai ta lokacin sai gidan sarauta da na manyan attajirai ake ganin ta, amma Merian ta ɗora mata kyankyasai. Wallahi wannan ya burge ni. Wani mai zanen da ya samu abarba zai yi mata kirari ne, ita kuwa ta tuna cewa a ƙasar da abarba ke fitowa kyankyaso ne ke shiga kayan mutane ya ɓata tufafi da abinci.

Hoto na 18 shi ne aka fi sani, kuma shi na fi daɗewa a kai. Reshen gwaiba ne, ganyensa duk an cinye saura kaɗan. Tururuwa na hawa da sauka, wasu sun kama juna sun yi gada. Manyan gizo-gizo masu gashi sun cika wurin, ɗaya na farautar tururuwa, ɗaya kuma can ƙasa ya danne wani ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure, wanda Faransawa ke ce wa kolibri, mai kama da sha-kaucinmu. Tsuntsun na kwance rigingine, kansa ya lanƙwashe, sheƙarsa na gefe da ƙwai a ciki. Babu inda ido zai huta a shafin nan. Ka bi reshe ka faɗa kan gizo, ka gudu daga gizo ka faɗa cikin tururuwa. A nan ne aikin allura ya nuna kansa, don gashin ƙafar gizon layi-layi aka yi shi, siriri a kan siriri, kuma baƙin jikinsa tarin layuka ne da aka gicciya har suka yi duhu. Allon jan ƙarfe bai san toka-toka ba. Layi ne ko babu layi. Duk inuwar da ka gani dabara ce ta kusanta layuka ko nisanta su. Shi ya sa ma, in kun lura, irin wannan hoto ya fi hoton kyamara jure wa injin fotokopi. Hoton kyamara in ya bi ta injin sau biyu sai fuska ta koma gawayi, layi kuwa yana nan.

Bayan mutuwarta da fiye da shekara ɗari wasu masanan Ingila suka yi wa hoton nan dariya, wai gizo ba ya cin tsuntsu, wai mace ce ta ji tatsuniya ta zana. Sai ga Henry Walter Bates, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a dajin Amazon, ya ba da labari a littafinsa na 1863 cewa ya ga irin haka da idonsa. Har yau sunan da masana ke kiran wannan jinsin gizo da shi, Avicularia, daga kalmar ɗan tsuntsu aka samo shi.

To amma kar yabo ya rufe mana ido. Akwai kurakurai a littafin, kuma ba ƙanana ba. A sheƙar tsuntsun nan ƙwai huɗu ta sa, alhali kolibri biyu yake yi. Tururuwa masu yankan ganye da tururuwa masu fita yaƙi jinsi biyu ne daban, ita ta gama su wuri ɗaya. A wasu shafukan tsutsar da ta zana ba ita ke zama malam-buɗe-littafin da ke samanta ba, kayan sun cakuɗe mata, wataƙila a hanya, wataƙila a ɗakin aiki. Akwai kuma wani ƙwaro mai dogon kai da ta ce yana haske da dare kamar fitila, kuma ba ya yi. Waɗannan ba su dame ni sosai ba. Mutum ɗaya da ƴarsa, cikin zafi da zazzaɓi, suna kiwon tsutsotsi a akwatuna tururuwa na bin su, dole wani abu ya kuɓuce.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙaryar da ke cikin tsarin hoton kansa, wadda kuma ita ce ƙarfinsa. Ba a taɓa yin wata rana da ƙwai da tsutsa da kwanciya da mai fiffike na jinsi ɗaya suka taru a reshe ɗaya, reshen kuma yana da toho da fure da ɗanyen ɗa da nunanne lokaci guda. Makonni ne, wani lokaci watanni, ta matse a shafi ɗaya. Hoton labari ne, yana da farko da tsakiya da ƙarshe, sai dai an baje su gaba ɗaya an bar ido ya zaɓi ta inda zai fara. Mu masu rubutun gajeren labari akwai abin koyo a nan, mu da muke cika shafi uku kafin jarumi ya gama wanke fuska. Sannan reshen kansa, in kun kalli hotuna goma a jere, za ku ga kusan kullum yana lanƙwasa ne irin lanƙwasar da ke cika shafi daidai, fure a nan, ganye ya faɗo can, ba inda ya yi nauyi ya bar wani gefe fayau. Wannan hannun mai zanen ɗinki ne. Littafin furanninta na farko bai taɓa barin ta ba. Dajin Surinam ya shigo, amma sai da ya bi ta ƙa'idar gyalen matan Nuremberg. Wani lokaci hakan na yi mini daɗi, wani lokaci kuma sai in ji kamar an yi wa kura kitso.

Yanzu ga inda nake da magana mai nauyi. Bayan kowane reshe a littafin nan fari ne fat. Ba ƙasa, ba sama, ba gona, ba mutum. Ga mai nazarin ƙwari wannan daidai ne, farin yana sa a ga ƙafa da gashi sosai. Amma mene ne a bayan reshen a zahiri? Gandun rake ne. Holan ta karɓi Surinam daga hannun Ingila a 1667, kuma arzikin wurin gaba ɗaya sukari ne da bayi ke nomawa, mutanen da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tare da ƴan asalin ƙasar da aka bautar. Ba a soke bauta a can ba sai 1863. Merian da kanta ta yi ƙorafin cewa Turawan wurin ba abin da ya dame su sai sukari, har suna yi mata dariya don tana neman wani abu daban. Amma ita ma da bayi ta yi aiki. A cikin bayanan ta faɗa cewa takan tura su gaba da gatari su sare mata hanya a daji, su tono mata shuka da saiwarta a dasa a garkarta. Su ke kawo mata tsutsa. Su ke gaya mata wannan ana ci, wannan guba ne, wannan maganin kaza ne. Bayanin da ta yi na rogo, yadda ake gurza shi a matse ruwan mai dafi kafin a gasa, ai ba a Frankfurt ta koyo shi ba.

Ku duba ƙasan hotunan, za ku ga sunaye da ƙananan haruffa. Mafi yawan allunan ba ita ta sassaƙa su ba, ta ba ƙwararru ne a Amsterdam, musamman Pieter Sluyter da Joseph Mulder, suka yi aiki daga zanen da ta yi da ruwan launi. Sunansu na nan. Masanin tsirrai Caspar Commelin, wanda ya ƙara wa littafin sunayen shuke-shuke na Latin, shi ma sunansa na nan. Waɗannan hannaye da suka taɓa aikin a Amsterdam an san masu su. Hannun da ya taɓa shi a Surinam kuwa, ko ɗaya ba a ambaci sunansa ba. Bawana, Ba'indiyata, bayina, haka take kiran su. Har wata mace ƴar asalin ƙasar ta taho da ita Amsterdam a jirgin dawowa, kuma littafin bai faɗi sunanta ba.

Hoto na 45 shi ne ya hana ni barci. Wani ɗan itace ne mai fure ja da rawaya, da dogayen zare suna fitowa daga tsakiyar furen kamar gashin baki, ɗan uwan filambuwayan ɗin da ake shukawa a bakin titi amma bai kai shi girma ba. Ta kira shi furen dawisu. Hoton kyakkyawa ne, natsattse, ga ganye ƙanana a jere, ga kwanson iri, ga tsutsa, ga mai fiffike. In ka tsaya a hoton, ka ga fure kenan. Sai ka karanta shafin da ke gefe. A can ta rubuta cewa matan da aka bautar, ƴan ƙasar da kuma waɗanda aka kawo daga Gini da Angola, suna amfani da irin wannan itace su zubar da ciki, don kada su haifi ɗan da zai zama bawa kamar su. Ta ce saboda muguntar iyayen gijinsu ne. Ta ce wasu har kashe kansu suke yi, da begen za su sake tashi a ƙasarsu cikin ƴanci. Ta kuma ce daga bakinsu ta ji.

Ba hukuncin abin da matan suka yi ne ya kawo ni ba, wannan ba wurinsa ba ne. Tambayata ta mai kallon zane ce. Me ya sa abin da ya fi komai nauyi a shafin nan ya tsaya a rubutu, bai shiga allo ba? Matar da ta iya barin hudar tsutsa a ganye, ta iya kwantar da mataccen tsuntsu a ƙarƙashin gizo ba ta kau da kai ba, da ta zo kan wannan sai ta ba mu fure mai tsabta a kan farar takarda.

Na san amsar da wasunku za su ba ni, don mun saba wannan gardama. Za ku ce littafin ƙwari ne, ba littafin tarihin bauta ba, kuma ba a tambayar mai zanen tsutsa abin da ba ta yi alkawari ba. Za ku ƙara da cewa ai ta ma yi ƙoƙari, maza nawa ne suka je irin waɗannan wurare suka rubuta kundi-kundi ba su saurari baiwa ko sau ɗaya ba? Na yarda da rabin maganar. Da ba ta rubuta ba, da muryar matan nan ta ɓace ƙurmus, kuma rubutawar a littafin da attajiran Amsterdam za su saya, waɗanda da yawansu da sukarin suka yi kuɗi, ba ƙaramin abu ba ne. Amma rubutawar ce ma ta nuna ta san labarin na cikin shukar. Ita ce fa ta koya mana cewa ba a raba tsutsa da ganyen da take ci, cewa halitta ba ta da ma'ana in an cire ta daga abin da take rayuwa a kai. To wannan ƙa'ida tata ta tsaya a kan ƙwari. Da aka zo kan mutane sai aka koma tsohon tsari, a cire, a wanke, a jera.

Kuma ga abin da ya sa wannan ya fi zafi a aikin bugu musamman. Hoto na tafiya, rubutu na zama. Allo an yi shi ne don ya hayayyafa, kuma abin da ke kan allon shi kaɗai ke hayayyafa. Tun tana raye ana sayar da littafin iri-iri, akwai baƙi da fari, akwai wanda aka bi da launi da hannu mai tsada sosai. Har wata dabara take yi, ta ɗauki bugun da tawadarsa ba ta bushe ba ta manna a wata takardar, sai hoton ya juyo daidai da zanenta na asali, layin ya yi laushi, in an sa launi ka rantse zanen hannu ne. Duk wannan kulawa a kan hoto take. Daga baya dillalai suka riƙa farke littattafan suna sayar da shafukan ɗai-ɗai don a rataya a bango, kuma shafin bayani ba ya bin su. Yau ka rubuta sunanta a waya, furen dawisu zai fito maka a jikin kofi da labule da katin gaisuwa, ba kalma ɗaya a kan matan. Wata masaniyar tarihi, Londa Schiebinger, ta rubuta littafi a 2004 inda ta bi sawun wannan shuka, ta nuna cewa itacen ya shiga garaken Turai a matsayin ado, amma sanin da matan ke da shi a kansa bai bi shi ba.

Kar kuma mu karanta wannan muna kaɗa kai kamar mu hannunmu wanke yake. Kalmar gandu da kalmar rinji ba daga Holan muka aro su ba. Kuma ko a rubutunmu na yau, ku duba ƴan littattafan da muka fitar a baya. Waƙoƙin soyayya cike da fure, mafi yawa ma furen da marubucin bai taɓa gani a tsaye ba sai a saƙon waya. Mutum ya tashi a Tawa, albasar Galmi na wucewa ta ƙofar gidansu buhu-buhu, bai taɓa rubuta layi ɗaya a kan furen albasa ba, balle a kan yaron da ke jan ruwa tun asuba don ta yi. Ga tumfafiya a bayan kowace makaranta, da tsutsarta mai zane-zane da ke cin ganyen duk da dafinsa, ba wanda ya tsuguna ya kalla. Merian aƙalla ta tsuguna, shekara hamsin tana tsugune. Wanda ke son gwadawa ba sai ya nemi jan ƙarfe da asid ba, guntun roba da reza da tawadar tampon sun isa a fara, kuma mai tampon na bakin kasuwa zai nuna maka yadda ake riƙe wuƙar in ka gaishe shi da kyau.

Shanyewar jiki ta same ta a 1715, ta rasu a watan Janairu na 1717. A daidai lokacin ne aka saya wa sarkin Rasha, Bitrus Babba, tarin zanenta na ruwan launi, suna birnin Saint-Pétersbourg har yanzu. Linnaeus, wanda ya tsara yadda ake raɗa wa halittu suna, ya dogara da hotunanta wajen bayyana jinsuna da dama da bai taɓa gani da ido ba. A 1992 Jamus ta sa fuskarta a takardar kuɗi ta mark 500, wadda aka yi amfani da ita har zuwan yuro. A bayan takardar an sa zanen shuka da tsutsa da mai fiffike, irin tsarinta sak. Shukar da aka zaɓa wata ƴar ciyawa ce mai rawayan fure da ke fitowa a gefen hanya a Turai.